Golf: Wasa Ne Ko Yawon Shan Iska?

Unguwar Daɗin Kowa tana kan hanyar Jos zuwa Bukuru, kuma tazara kaɗan ce tsakaninta da Rayfield, inda filin golf mafi tsufa a Nijeriya yake. A shekarar 1913 aka kafa kulob ɗin, zamanin da Turawan haƙar kuza suka cika ƙasar Filato. Watau yau sama da shekara ɗari ke nan ana buga ƙwallon nan a maƙwabtan Daɗin Kowa, amma har yanzu gardama ba ta mutu ba a majalisun samari: shin golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasan motsa jiki ne na gaske, ko kuwa yawon shan iska ne na masu hali?

Masu suka suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa ba gudu, ba tsalle, ba abokin karawa da zai tare mutum. Dattijo mai furfura da tumbi yana iya doke saurayi majiyin ƙarfi. Kayan wasan ma wani ne yake ɗaukar wa mai bugu. Wanda ya tashi yana kallon dambe da kokawa da langa, in ya ga mutum ya buga ƙwallo ya bi ta a hankali yana hira, dole ya yi tantama.

Wani ɓangare na rikicin daga harshe ya taso. Kalmar wasa a Hausa faɗi gare ta: dara wasa ce, langa wasa ce, haka wasan kwaikwayo da wasan yara a dandali. Saboda haka ba wanda zai hana a kira golf wasa. Abin tambaya shi ne ko ya shiga sahun wasannin da ake auna gwanintar jiki a cikinsu, bisa doka, har a fitar da gwani. A dara, wani yana iya matsa wa mutum 'ya'yansa in ya faɗi inda za a sa, wasan bai canja ba, domin aikin na ƙwaƙwalwa ne. A golf kuwa ba mai buga wa wani. Nasara tana ga ƙafa da ƙugu da kafaɗa da wuyan hannu, su haɗu a bugu guda.

To, ga yadda abin yake. Cikakken zagaye rami 18 ne, tafiyar kusan mil biyar a ƙasa, cikin sa'a huɗu ko fiye. Manyan gasa kwana huɗu ake yi a jere. Faɗin ramin milimita 108 ne kacal, doka kuma ba ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanda fiye da 14 ba. Gwanaye sukan aika ƙwallo sama da mita 250 a bugun farko, sa'an nan a ƙarshe su lallaɓa ta da taushin hannu ta faɗa rami. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne zakara. Duk mai ganin abin da sauƙi, a miƙa masa sanda, ai sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gardamar nan har kotu ta je. A 2001 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Casey Martin, ɗan wasa mai ciwon ƙafa wanda ya nemi a bar shi ya shiga ƙaramar mota tsakanin ramuka. Alƙalai bakwai cikin tara suka ba shi gaskiya, suka ce jigon golf bugu ne, tafiyar ƙasa ba ita ce ginshiƙinsa ba. Masu suka sun ɗauki wannan a matsayin nasara, alhali kuwa hukuncin ya nuna inda gwanintar take ne. Maharbi ma ba gudu yake yi ba, amma ba wanda ya taɓa cewa harbin baka aikin rago ne. Abin mamaki, a 1457 an haramta golf a ƙasar Sikotilan, mahaifar wasan, saboda ya ɗauke hankalin mazaje daga koyon harbin baka. An buga shi a wasannin Olamfik na 1900 da 1904, aka ajiye shi, sa'an nan aka dawo da shi a Riyo ta ƙasar Birazil a 2016, bayan shekara 112.

In haka ne, me ya sa mutanen Daɗin Kowa da yawa suke yi masa kallon baƙo? Amsar tana cikin tarihi. A zamanin mulkin Turawa, kulob na Turawa ne. Ɗan ƙasa in ya shiga fili, ɗaukar jaka ko gyaran ciyawa ya kai shi. Bayan samun mulkin kai a 1960 manyan ma'aikata da hafsoshi da attajirai suka gaji wurin. Kuɗin zama memba da tsadar sanduna suka zama katanga. Ƙwallon ƙafa kuwa, shi ma Turawa ne suka kawo shi, amma da yake fili da ƙwallo ɗaya sun ishi yara ashirin da biyu, nan da nan ya zama na kowa. Abin da jama'a suke ƙi ke nan, katangar, sai haushin ya faɗa kan wasan.

A nan ne gardamar take da amfani. Muddin ana ɗaukar golf hutun manya ne, ba hukumar wasanni ko makarantar da za ta ga dalilin kai yaro fili. In kuwa aka yarda wasa ne, to ya zama wajibi a nemi masu baiwa a duk inda suke, kamar yadda ake yi a guje-guje da ƙwallon ƙafa. Kuma ba nesa suke ba. Yaran da suke saɓa jakunkuna suna bin masu bugu, su ne suka fi kowa tafiya, su ne suka san kwari da tudun fili da yadda iskar hunturu take karkatar da ƙwallo. Daga irinsu aka sami manyan zakarun duniya. A shekarar da aka kafa kulob ɗin Rayfield, 1913, wani saurayi mai shekara 20, Francis Ouimet, tsohon mai ɗaukar jaka, ya ci babbar gasar Amurka, ya doke gwanayen Ingila biyu, Harry Vardon da Ted Ray. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen shi ma da ɗaukar jaka ya fara.

Nijeriya kuma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Gasar Nigerian Open ta taɓa zama matattarar gwanaye: Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Vijay Singh na tsibirin Fiji ya ci a 1988, daga baya ya zama na ɗaya a duniya a 2004. Ƙasar da baƙi suka taka suka hau bai kamata 'ya'yanta su tsaya a bakin shinge ba.

Abin da ya dace da shugabannin kulob na Rayfield da na Lamingo, da hukumar wasanni ta Jihar Filato, shi ne su ware ranaku na musamman ga 'yan makaranta, maza da mata, su tara tsofaffin sanduna don aro, su riƙa shirya gasar masu ɗaukar jaka a kai a kai, da kyauta mai tsoka, ba tare da karatun yaran ya tsaya ba. Iyaye kuma su bar 'ya'yansu su gwada. Ranar da yaron Daɗin Kowa ya ɗauko kofi daga Legas ko Abuja, ba sauran mai tambaya ko golf wasa ne, domin gani ya kori ji. Allah ya nuna wa jama'ar Filato wannan rana cikin zaman lafiya.