Jami'ar Kachia da darasin da makaho ba ya iya karantawa

Hanyar da ta tashi daga Sabon Tasha ta nufi kudancin Kaduna yanzu tana kaiwa ga jami'o'in gwamnati biyu: reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da kuma sabuwar jami'ar tarayya ta Kachia, wadda Shugaba Tinubu ya rattaba hannu kan dokar kafa ta a Fabrairun 2025, a harabar tsohuwar Jami'ar Nok. An yi ta magana kan gine-ginenta da naɗin Bishop Matthew Kukah a matsayin shugaban majalisar gudanarwarta. Abin da bai samu kulawa ba shi ne sigar da darussa za su riƙa isa hannun ɗalibi.

A yawancin jami'o'in ƙasar nan, abin da ake kira darasin intanet takarda ce da malami ya ɗauki hotonta da waya, ya tura wa wakilin aji, shi kuma ya saka a WhatsApp. Mai gani zai matse ido ya karanta. Makaho kuwa ya dogara ne da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya, irin su NVDA da ake samu kyauta, kuma manhajar haruffa take bi. Idan shafin hoto ne, a wurinta tamkar bango ne. Haka zanen da ba a rubuta bayaninsa ba, haka lissafin da aka manna a matsayin hoto, abin da zai fi yawa a jami'ar kimiyya irin ta Kachia. Kurma ma, bidiyon da babu rubutun magana a ƙasansa bai amfane shi da komai ba.

Doka ba ta bar wa kowa uzuri ba. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, kuma wa'adin ya cika a 2024. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marakesh a 2017, sannan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta halatta a mayar da littafi zuwa sigar da makafi za su iya karantawa ba sai an nemi izinin mawallafi ba. JAMB ma tun 2017 take da kwamiti na musamman, ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, mai shirya wa makafi jarrabawa. Ke nan gwamnati na rako ɗalibin har bakin ƙofa, sai ta bar shi yana roƙon abokin ɗaki ya karanta masa.

Matsalar ita ce hankalin jami'ai ya fi karkata ga abin da za a iya ƙaddamarwa a ɗauki hoto. Gangaren keken guragu ana ganinsa. Takardar da aka tsara kanun darasinta yadda manhaja za ta bi, ba mai yanka mata kyalle. Alhali wannan ta fi araha, muddin tun farko aka yi. Gyaran dubban takardu bayan sun taru shi ne mai cin kuɗi, kuma nan ne Kachia ta fi tsofaffin jami'o'i sa'a, don rumbunta bai cika ba tukuna.

Amfanin bai tsaya ga makafi ba. Rubutu zalla ya fi hoto da bidiyo sauƙin saukewa, kuma tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ɗalibin da ya koma hutu Zonkwa ko Kagoro yana lissafin kowane megabait.

Maɓallin yana Abuja. Hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasai, TETFund ke biyan kuɗin kayan koyarwa, kuma ma'aikata ne ke rubuta sharuɗɗan kwangila. Layi ɗaya a takardar tantancewa, mai tambayar ko manhajar makafi na iya karanta darussan sashe, zai sa shugaban sashen ya binciki abin da malamansa ke turawa kafin tawagar NUC ta iso.