Rumbun Zamani: Me Ya Kamata Ɗalibin Hausa Ya Fara Saye?

Maƙasudin wannan ɗan sharhi shi ne jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai game da rumbun zamani, wato 'yar kwamfutar da ake ajiyewa a gida, a haɗa ta da sauran na'urori, don ta adana murya da hoto da rubutu, kowa ya saurara daga wayarsa. Mu da muke yawon ɗaukar hira da waƙoƙin baka mun fi kowa bukatarta. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos kuwa a 2015, kasa-kasan da suka bari kuma kullum lalacewa suke yi. Ra'ayina shi ne, mai son kafa irin wannan rumbu ya zuba kuɗinsa a faifan ajiya da tsaron wuta, ya bar ƙawa.

Da farko, aikin ba ya bukatar na'ura mai ƙarfi ainun. Ƙaramar ƙwaƙwalwa irin Intel N100, wadda ta fito a 2023, ba ta cin wuta sosai, ga ta kuma da sashen Quick Sync mai sauya fasalin bidiyo ya dace da waya. Ta ishi manhajar Jellyfin ko Plex. Mai hali yana iya sayen akwati haɗaɗɗe na Synology ko QNAP. Maras hali ya ɗora OpenMediaVault, wadda kyauta ce, a kan Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfutar tebur. Sai dai a tuna, tsohuwar kwamfuta mai shan wuta tana cinye batirin sola kafin asuba.

Na biyu, a faifai ne ba a neman araha, domin araha ba ta ado. Sa'a guda ta murya mai ingancin faifan CD tana cin megabait 635 ko kusa da haka, saboda haka faifai mai terabait 4 zai ɗauki fiye da sa'a 6,000. Ashe girma ba shi ne matsala ba, inganci ne. A nemi wanda aka ƙera don aiki dare da rana, kamar IronWolf ko WD Red Plus. A 2020 an gano cewa wasu faya-fayan WD Red suna amfani da dabarar SMR, mai jera layukan rubutu wani a kan gefen wani, abin da ke sa su nawa ƙwarai idan ana sake cika su. Mai saye ya tabbata CMR aka rubuta.

Na uku, yanayin ƙasarmu. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya ɓata abin da aka adana, don haka na'urar nan mai batir da ake kira UPS wajibi ce, musamman wadda za ta umarci rumbun ya kashe kansa cikin natsuwa. Haka nan zafin bazara a Kano ko Sakkwato yakan kai digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, a riƙa kakkaɓe shi.

Wani zai ce, ai faifai biyu masu kwafe juna sun wadatar. Ba haka ba ne. Abin da aka goge bisa kuskure, a duka biyun yake gogewa, kuma tsawa ko ɓarawo ba sa barin ɗaya. Ka'idar masana ita ce kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma a wani gida daban.

A ƙarshe, tsohon da ya ba mu tarihin garinsu bara, ba lalle mu same shi baɗi ba. Amana ya ba mu, kuma rigakafi ya fi magani.