Tagar alminiyam mai tare zafi: mai AC ne ke cin ribarta

Duk wanda ya riƙe waya mai jikin alminiyam tana caji ya san yadda wannan ƙarfe ke ɗaukar zafi nan take. A waya hakan alheri ne, domin yana fitar da zafin batir. A firam ɗin taga ko ƙofa kuwa matsala ce: zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, da kan haura digiri 40, ta cikinsa yake bi ya shiga ɗaki.

Firam mai kariya an raba shi biyu ne, ɓangaren waje da na ciki, aka sa siririyar roba mai tauri, dangin nailan, a tsakani. Zafi na ratsa alminiyam fiye da wannan roba sau ɗaruruwa.

Sai dai yana da tsada, kuma gilashi ya fi firam faɗi nesa ba kusa ba. In gilashin falle ɗaya ne, an toshe ƙaramar kafa an bar babba.

Mai AC, musamman ɗan rukunin Band A da aka ƙara wa kuɗin wuta a Afrilun 2024, gara ya haɗa firam mai kariya da gilashi falle biyu. Mai fanka kuwa firam na gama-gari ya ishe shi, ya kai rarar kuɗin ga rumfar da za ta inuwantar da tagogin yamma.