Sauri Ya Haifi Nawa: Cinikin Intanet A Ƙasar Daura

Akwai wani ciniki da ake yi wa samarin ƙasar Daura na biri a sama, kuma abin takaici, har da mu masu taƙamar mun shiga jami'a a cikin masu miƙa kuɗi hannu bibbiyu. Cinikin kuwa shi ne na intanet ɗin da ake sawa a gida. Yaro ya tara kuɗinsa, ko ya matsa wa uba, ko yayansa ya aiko masa daga Abuja, ya ce zai sayi layin da zai riƙa buga PUBG ko Call of Duty ko ƙwallon eFootball da abokan karawa na nesa. Sai ya je shago, mai shago ya ɗauko kwali ya nuna masa lamba, ya ce wannan akwati megabit kaza yake gudu a daƙiƙa guda. Shi ke nan an gama da shi. Ya kai gida, ya kunna, ya harbi abokin gaba sau uku, abokin gaba bai ko girgiza ba, sai shi ne ya faɗi matacce. Daga nan sai zagi, sai a ce a canja kamfani, a koma wani kwalin mai lamba mafi girma.

To, 'yan uwa ɗalibai da malamaina, abin da nake so in tsaya a kai shi ne, waccan lamba da ake rubutawa a kwali ba ita ce ke ci wa ɗan wasa wasa ba. Masu talla sun san haka sarai, amma lamba babba ta fi daɗin faɗa a rediyo.

Bari mu ɗauko misali daga tasha. Tirela ta tashi daga Daura za ta Kano da buhunan gero, ɗan acaɓa kuma ya tashi da wasiƙa guda a aljihu. Wa ya fi ɗaukar kaya? Tirela, ba musu. Wa zai riga kai saƙo ya komo da amsa? Wannan kuma wata tambaya ce dabam. Megabit ɗin da ake talla faɗin bayan tirela ne, watau yawan kayan da layi ke iya jidowa. Yana da amfani ga mai sauke fim ko mai kallon bidiyo. Shi kuwa ɗan wasa ba kaya yake jido ba, 'yan wasiƙu yake aikawa, ƙanana ƙwarai, sau gomiya a kowace daƙiƙa: na matsa hagu, na durƙusa, na harba. Awa guda cur ta irin wannan wasa da wuya ta cinye megabait ɗari biyu, sau da yawa ma ba ta kai ɗari ba. Abin da ya dame shi shi ne tsawon lokacin da wasiƙar za ta yi kafin ta isa uwar garken wasan, amsa ta komo. Ni na kira wannan lokacin kai-komo, kuma ana auna shi da milisakan, watau kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ita ce 'yar lambar nan da ke lafe a kusurwar allon wasa, wadda kan yi kore, ta koma rawaya, ta yi ja.

Yanzu sai mu yi lissafi, don maganar ba ta ra'ayi ba ce. Haske a cikin wayar gilashi, wadda ake kira faiba, yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ke nan kowace kilomita 1,000 tana cin milisakan 5 a zuwa, 5 a komowa. Daga Daura zuwa Ikko, watau Legas, inda akasarin wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka, ya haura kilomita 1,000. Wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne daga Ikko zuwa ƙasar Fotugal. Daga can zuwa Farankfot ta Jamus, inda kamfanonin wasa da yawa suka ajiye uwayen garkensu, ƙara wajen 2,000. An sami kilomita 10,000 ke nan, zuwa da komowa 20,000, watau milisakan 100 tun ba a lissafa tsaye-tsayen hanya ba, tun ba a sa abin da iska tsakanin wayarka da turken sadarwa za ta ci ba. Bajamushen da kake karawa da shi kuwa yana zaune ne a bakin ƙofar uwar garke, milisakan 10 ko 20 sun ishe shi. In allo yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, to jinkirin milisakan 150 hotuna tara ne. Mutumin da ka ga ya leƙo daga bayan bango ya riga ya koma tun kafin hotonsa ya iso Daura. Babu kamfanin da zai rage nisan Daura da Jamus, ko da ya rubuta megabit dubu a kwali. Ko ka juya ka zaɓi uwar garken Afirka ta Kudu ko ta Gabas ta Tsakiya, ta Ikkon dai saƙon zai fara bi.

Ashe ke nan duk ɗaya ne, kowane layi aka saya? A'a. Wancan ɗari ba mai taɓa shi, amma abin da ke bisansa shi ne wurin ciniki, kuma a nan ne ake cutar mu.

Na farko dai, cunkoso. Turken sadarwa guda ɗaya jama'ar unguwa duka ke rabawa. Da hantsi, sa'ad da kowa ke gona ko kasuwa ko makaranta, layi fayau yake, kuma galibi da rana ake gwada wa mai saye akwati a shago. Amma ɗan wasa ba da hantsi yake wasa ba. Bayan sallar isha'i ne, daidai lokacin da kowane gida ya buɗe TikTok da YouTube, turke ya zama kamar hanyar Mai'aduwa ran kasuwa. A lokacin ne lambar kusurwa za ta fara rawa, yanzu 140, an jima 300, ta sauko, ta sake tashi. Wannan rawa ta fi jinkirin kansa mugunta, domin mutum yana iya sabawa da jinkirin da ya tsaya wuri guda ya daidaita hannunsa, amma ba ya sabawa da wanda ke canja hali kowace daƙiƙa. Har ila yau akwai wasiƙun da kan zube a hanya ba su isa ba sam, su ne ke sa ka ga ɗan wasanka ya daskare, can kuma ya bayyana a wani wuri kamar aljani. Na karanta kwalaye da tallace-tallace masu yawa, ban taɓa cin karo da wanda ya yi maganar waɗannan biyu ba.

Sai kuma kalmar nan ta Turanci da ake fassara mana da "ba iyaka". Duk ɗan Daura ya tashi da labarin rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ran Juma'a. To yawancin tsarin "ba iyaka" akwai maciji kwance a ƙasansa, sunansa ƙa'idar amfani daidai kima, an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe, da Turanci. In ka kai wani adadi na gigabait, sai a shaƙe layin har ƙarshen wata. Wasan kansa ba ya cin data, na riga na faɗa, amma sabunta shi yana ci, domin gyara guda na babban wasa kan kai gigabait da yawa, na na'urar PlayStation har gomiya. Kwana goma da biyan kuɗi sai maciji ya fasa kai. Tun kuwa da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, wannan kuskure ya daɗa tsada.

Maganar 5G ita ce ta fi ba ni dariya. Sa'ad da MTN ya buɗe nasa a 2022, garuruwa bakwai ya fara da su: Ikko, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Airtel ya biyo baya a 2023. Zangon 5G gajere ne, ko a cikin garin da aka kafa shi unguwa-unguwa yake kamawa. Akwatin 5G da bai ga turken 5G ba, 4G yake komawa abinsa. Saboda haka wanda ya saye shi a Kano ya ga yana tashi kamar iska, ya ɗauko shi ya kai Sandamu ko Baure, ya sayi doki ne ya ɗaure a turken jaki. Mutanen bakin iyaka kuma, wajen Kongolam da ƙauyukan Zango, suna da nasu ƙarin ciwon kai, don waya kan tsallaka ta kama layin Nijar ba da izinin mai ita ba.

Wani zai ce, to ai ga Starlink, an huta da turke. Gaskiya ne ya shigo Nijeriya a watan Janairu na 2023, ita ce ma ƙasa ta farko a Afirka, kuma ba zan raina shi ba. Tsofaffin taurarin ɗan'adam na sadarwa suna can sama da nisan kilomita 35,786, kai-komonsu kan kai milisakan 600, ba su da wani amfani ga ɗan wasa. Na Starlink suna yawo ne a wajen kilomita 550, don haka hawa da saukar ba su da yawa, kuma ga mutumin ƙauyen da turke ya yi wa nisa, wannan babban abu ne. Amma a lura, tauraron ba Jamus yake kai ka kai tsaye ba, galibi Ikko yake sauke saƙonka ya shiga layin teku kamar na kowa. Yana son sarari ba inuwar darbejiya, hadari mai ƙarfi na damina yana taɓa shi, kuma farantin yana shan wuta dare da rana, ga halin da wutar lantarki take ciki a ƙasar nan, sai an haɗa da sola ko batir. Kuɗin wata kuwa daga naira 38,000 ya koma 57,000 a 2025, ban da dubban ɗaruruwan da za a zuba a sayi farantin, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. In gida biyar na maƙwabta ko masu ɗakin wasa suka haɗa kuɗi, da sauƙi. Amma ɗalibi ɗaya ya ɗora wa mahaifinsa wannan don ya harbi Bajamushe, ni dai ban ga hujja ba.

Abin da ya fi duka shi ne faiba har cikin ɗaki, domin ba ta cika rawa ba, ba ruwanta da hadari, cunkoson isha'i ma bai cika taɓa ta ba. Sai dai ita ba a saye ta a kwali, sai an haƙa ƙasa an jawo ta layinku, kamfani kuma ba ya haƙa sai inda ya ƙirga gidajen da za su biya. A nan ne nake da ƙorafi a kan hukuma. Shirin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin minista Isa Ali Pantami, ya yi alkawarin megabit 25 a birane da 10 a karkara. A 2020 ɗin jihar Katsina ta rage kuɗin izinin haƙa hanya zuwa naira 145 kowace mita, Kaduna ma ta yafe shi ɗungurungum. Madalla. Amma ku duba, shirin ma da megabit ya fi yin tutiya, irin dai lambar kwali. Garin da aka kafa wa kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri ya cancanci a riƙa tambayar unguwa nawa faiba ta shiga. Kuma kada a ɗauka don 'yan wasa kaɗai nake wannan faɗa. Layin da ke sa ɗan wasa ya daskare shi ne ke yanke muryar malami a tsakiyar lacca ta Zoom, shi ne ke riƙe kuɗin mai POS a sama. Ɗan wasa dai ya fi kowa saurin ganewa ne, don shi lambar tana gaban idonsa.

Mu ma 'yan sashen Hausa muna da kaso a cikin laifin. Mun iya kwana muna gardama kan ɗafi da tsayau, amma mun bar talaka yana sa hannu a kan sharuɗɗan da ba a taɓa fassara masa ba. Muddin babu kalmar Hausa ta jinkiri da ta rawar layi a bakin mai saye, ba zai iya tambayar mai shago ba, sai dai ya ce "yana da ƙarfi?", a ce masa "sosai ma". In kai-komo bai yi muku ba, ku kawo wadda ta fi ta, filin wannan mujalla a buɗe yake.

Ga mai niyyar saye kuwa, kada ya biya kuɗin akwati ko na wata tukuna. Ya ari layukan kamfanonin da ke kamawa a unguwarsu, ya sa wa kowanne data kaɗan, ya gwada su a ɗakin da zai riƙa wasa, ba a tsakar gida ba, domin bango da rufin kwano suna cin nasu rabon. Ya gwada tsakanin ƙarfe takwas da sha ɗaya na dare, kwana bakwai a jere, a cikin wasan kansa, yana rubuta mafi ƙanƙantar lamba da mafi girma. Layin da ya tsaya tsakanin 150 da 170 ya fi wanda ke tsalle daga 120 zuwa 350, ko da na biyun ya ninka na farko megabit sau biyar. Maganar abokinka na wata unguwa ba hujja ba ce, turkenku ba ɗaya ba. In an sayi akwatin, a aje shi bakin tagar da ke fuskantar turke, a haɗa na'urar wasa da shi ta waya maimakon iska, a kuma hana wayoyin gida sabunta kansu sa'ad da ake wasa. A tambayi mai shago ƙarara: gigabait nawa ne kafin a shaƙe layin, kuma in an shaƙe megabit nawa zai rage? Ya nuna a rubuce. Mai hali ya riƙe layi na biyu na wani kamfani, ko da yake shi ma ba kullum yake ceto ba, don ran 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, kamfanoni da bankuna da yawa tare suka durƙusa. In kuwa an sayar maka da abin da ba shi aka rubuta ba, ka kai kuka ga kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi, in sun yi biris ka kira NCC a 622, kiran kyauta ne.