Murhun Gashi Na Gas: Abin Da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ki Kunna



Murhun gashi na gas ya fara shiga gidajenmu. Wata maigida ne ya sayo mata, wata a kayan ɗaki aka sa mata, wata kuma ta gaji ne da hura gawayi da hayaƙi a ido duk ranar da yara suka ce sai gasasshiyar kaza. Abu ne mai sauƙaƙa aiki, musamman lokacin Babbar Sallah da nama ke yawa. Sai dai wuta ce da gas a tsakar gidan da yara ke guje-guje, kuma mu da muke aikin jinya mun san yadda ƙuna take a jikin ƙaramin yaro. Don haka yau za mu bi abin daki-daki.

Ki fara sanin halin gas ɗin

Gas ɗin da wannan murhu ke amfani da shi shi ne dai na girki, wanda ake ɗura miki a tukunya mai kilo 6 ko kilo 12.5. Ya fi iska nauyi. Idan ya zuba ba ya tashi sama ya baje, ƙasa yake kwanciya, ya taru a lungu, a kwata, ko a cikin murhun in murfinsa na rufe. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake sa masa wannan warin mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai don hancinki ya ankarar da ke. Duk lokacin da kika ji shi, kada ki ce bari in ƙarasa tukuna. Ki rufe tukunya.

Idan murhun na hannu ne da aka shigo da shi daga waje, a kira mai gyaran gas ya duba. Wasu an ƙera su ne don gas ɗin bututu irin na gidajen Amurka da Turai, ba na tukunya ba, wasu kuma bakinsu bai yi daidai da kan gas ɗinmu ba. Kada a yarda a ɗaure da roba ko waya a ce ai zai yi.

Ina za ki ajiye shi?

A fili, inda iska ke kaɗawa. Ban da kicin, ban da gareji, ban da baranda mai rufe, ko da ruwan sama ake yi. Wutar gas na iya fitar da iskar nan mai guba irin wadda ke cikin hayaƙin janareta, wadda ba a ganinta ba a jin warinta. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. In ta taru a rufaffen wuri tana kisa.

Ki sa shi a kan daɓe mai daidai, nesa da bango, da igiyar shanya, da rumfar zana, da janareta da jarkar fetur. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye cikin inuwa, ba a kwance ba, ba a ƙarƙashin rana ba. Sannan ki shata wa yara iyaka, aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe. Ki zana musu layi da alli ko gawayi a ƙasa, sun fi gane wannan a kan tsawa. Ki tuna jikin murhun yana daɗewa da zafi bayan an kashe, lokacin da hankalin kowa ya koma kan cin nama.

Gwajin kumfa

Wannan ba ya cin minti 2, amma shi ne ginshiƙi. Ki dama sabulun wanke-wanke da ruwa, ki tabbata duk makunnan murhun a kashe suke, ki buɗe tukunya, sai ki shafa ruwan sabulun a kan gas ɗin, da tiyo gaba ɗayansa, da inda tiyon ya haɗu da murhu. Idan kin ga kumfa na tasowa tana girma, gas na zuba a nan. Ki rufe tukunya, a gyara ko a canza kafin a kunna. Ki maimaita gwajin duk lokacin da aka ɗuro gas, da kuma duk lokacin da murhun ya daɗe a ajiye, don ɓera da zafin rana suna lalata tiyo. Kada a taɓa neman inda gas ke zuba da ashana.

Yadda ake kunnawa

Ga jerin, ki riƙe shi kamar karatu:

1. Buɗe murfin murhun. Wannan shi ne na farko kullum.
2. Buɗe tukunya a hankali.
3. Murɗa makunni ɗaya, ki danna abin ƙyastawa.
4. In bai kama ba cikin daƙiƙa 5, ki kashe komai, ki bar murfin a buɗe minti 5, sannan ki sake.

Dalilin buɗe murfi shi ne gas na taruwa a ciki, in ya samu wuta sai ya tashi gaba ɗaya a fuskar mai kunnawa. Kada ki leƙa da kanki a saman raga lokacin kunnawa. In iska ta kashe wutar ana tsakiyar gashi, kamar yadda ta saba da hunturu, dokar minti 5 ɗin nan tana nan.

Wuta mai kyau shuɗiya ce. In kin ga ta yi rawaya gaba ɗaya tana baƙi, ƙofofin wutar sun toshe, a goge su.

Sai maganar sutura. Dogon hijabi da mayafin roba suna kama wuta nan da nan, kuma narkewa suke su manne a fata. Ki sa rigar atamfa mai ɗan kama jiki, ki ɗaure ɗankwali da kyau, ki sauke goyo kafin ki matso.

Gashin farko

Sabon murhu a fara kunna shi ba komai a kai, murfi a rufe bayan wuta ta kama, kamar minti 20, don man da aka shafa masa a masana'anta ya ƙone. Daga nan kuma, kafin kowane gashi ki bar shi ya yi zafi minti 10 zuwa 15, ki goge raga, ki shafa mata ɗan mai. Raga mai zafi ba ta riƙe nama. In da burushin waya kike gogewa, ki bi da jiƙaƙƙen tsumma, don silin waya na iya maƙalewa a nama a haɗiye shi.

Sirrin gashi a gas shi ne raba wuta biyu: gefe ɗaya mai ƙarfi, ɗayan a kashe ko a can ƙasa. Tsire da siraran yanka su hau gefe mai ƙarfi. Cinyar kaza da nama mai kauri su fara a can su yi ja, sai ki mayar da su gefen sanyi ki rufe murfi, cikinsu ya dahu ba tare da bayan ya ƙone ba. Yajin ƙuli yana saurin ƙonewa, don haka ki sa kaɗan da farko, ki ƙara sauran dab da saukewa. Tsinken tsire kuma a jiƙa shi a ruwa minti 30. Ki fara da abu mai sauƙi, kamar fukafukin kaza, masara ko agada, kafin ki kai ga cinyar rago.

Ya dahu kuwa?

Gas na iya sa bayan kaza ya yi kyau alhali cikinta ɗanye ne, kuma ɗanyen naman kaza na jawo gudawa da amai, abin da ya fi wahalar da ƙananan yara da masu juna biyu. In za ki iya, ki sayi ɗan ma'aunin zafin nama. Kaza ta kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos, niƙaƙƙen nama 71, kifi 63, yankan naman sa ko rago 63 sannan a bar shi ya huta minti 3. In babu ma'auni, ki tsaga wuri mafi kauri kusa da ƙashi, kada ki ga ja ko jini.

Tiren da ɗanyen nama ya zauna kada gasasshe ya koma cikinsa sai an wanke. Haka wuƙa da katako da hannunki. Inda ya ƙone ƙurmus a yanke a yar. Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi irin na bazara awa 1, sai firij.

In wuta ta tashi, ko wani ya ƙone

Yawancin gobarar murhun gashi kitse ne da ya taru a tiren ƙasa, shi ya sa ake wanke shi bayan kowane gashi. In ya kama, kada ki zuba ruwa, ruwa fantsama shi yake yi. Ki rufe tukunya in hannunki zai kai lafiya, ki rufe murfi. In wutar ta kai tiyo ko tukunya, ki kwashe yara ku fita, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112.

Ƙuna kuwa, ruwa mai sanyi na famfo ko na buta za a yi ta kwarara a wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ƙwai, manja ko gishiri. Waɗannan ba sa warkarwa, suna ƙara ɓata ciwon, kuma sai mun kankare su a asibiti yaro na kuka. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fizge tufar da ta manne, kada a fasa ƙuraje. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita girma, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko jariri ne, a tafi asibiti nan take.

In kin gama gashi, tukunya za ki fara rufewa, wutar ta cinye gas ɗin da ke cikin tiyo ta mutu, sannan ki kashe makunnai. Ki koya wa maigida da 'yar aiki da manyan yara wannan tsarin, don ba kullum ke ce a gaban murhun ba.

Allah Ya tsare mana iyalanmu, a ci nama lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.