Araha na ga mai buhu, tsada na ga mai ƙulli

Duk lokacin da tsadar rayuwa ta matsa wa jama'a, shawara ɗaya ce take yawo a bakin ma'aikata, tun daga ofisoshin birnin Yamai har zuwa lakwal ɗin ƙauye: a bar sayayya wurin mai kantin unguwa, a nemi inda kaya ya fi sauƙi. A ƙasashen Turai wannan shawara ba ta da wuyar bi, domin akwai manyan kantuna waɗanda aka kafa musamman saboda rahusa. A karkarar Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, babu irin wannan kanti, kuma ba a sa ran zuwansa gobe ko jibi. Duk da haka tambayar tana nan a gaban malamin makaranta da ma'aikacin likita da sakataren magajin gari a kowane ƙarshen wata: a ci gaba da karɓar kaya wurin mai kantin gari, ko a tattara albashi a nufi ƴan sari a Maraɗi? Amsar tana shafar tukunyar gidan ma'aikaci, tana kuma shafar jarin ɗan kasuwa.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san inda arahar waɗancan kantuna take fitowa. A shekarar 1946 wasu ƴan'uwa biyu, Karl da Theo Albrecht, suka karɓi ƙaramin kantin mahaifiyarsu a birnin Essen na ƙasar Jamus, kuma daga nan ne kamfanin Aldi ya samo asali. Abokin hamayyarsa, Lidl, ya buɗe kantinsa na rahusa na farko a 1973. Dabararsu ba ɓoyayya ba ce. Suna taƙaita irin kayan da suke sayarwa, alhali babban kanti yakan tara kala 20000 ko fiye. Tun da kalar kaɗan ce, kowace kala suna saro ta da yawan gaske, har mai masana'anta ya ga dole ya rage musu farashi. Kaya yana zaune cikin kwalinsa, ma'aikata kaɗan ne, ba a ɓata kuɗi wajen ƙawata wuri, sannan ba a bai wa kowa bashi. Da tsada ta addabi mutanen Birtaniya a 2022, jama'a suka yi ta kwarara can, har Aldi ya zama na huɗu a girma cikin kantunan abinci na ƙasar. Ke nan ginshiƙan arahar uku ne: saye da yawa, biya hannu da hannu, da rage ɗawainiya.

Wannan salo ya iso Afirka ta Yamma, amma bai zauna lafiya ko'ina ba. A Senegal, kamfanin Auchan na Faransa ya bazu cikin unguwannin Dakar, har ƙananan ƴan kasuwa suka tashi a 2018 suna neman a kore shi, don a ganinsu yana karya musu kasuwa, yayin da masu saye da yawa suka goyi bayansa saboda tsabta da farashin da aka rubuta a fili. A 2019 aka buɗe kantin rahusa mai suna Supeco a birnin. A Kano kuwa, inda ƴan kasuwar Maraɗi suka sani kamar tafin hannunsu, Shoprite ya buɗe a rukunin kantuna na Ado Bayero a 2014, ya rufe a watan Janairu na 2024, amma kasuwar Singa da ta Dawanau suna nan suna ci. Idan birni kamar Kano bai riƙe irin wannan kanti ba, to ba shi ne zai zo ya share hawayen magidancin Ɗan Gulbi ba.

Nijar ma ta taɓa gwada nata kantin. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa Copro-Niger, aka ba shi ikon shigo da kayan masarufi irin su sukari da gishiri da shayi da garin alkama, da nufin talaka ya samu kaya a farashi mai sauƙi. A 1970 aka kafa OPVN domin tanadin hatsi. Copro-Niger bai jure ba bayan an sakar wa kasuwa mara a shekarun 1980, amma OPVN yana nan, kuma shi ne yake fitar da hatsin da ake sayarwa a farashi mai rahusa lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Wanda ya taɓa bin layin wannan hatsi ya san cewa taimako ne na ɗan lokaci, rabo ne da ake aunawa, ba abin da gida zai jingina da shi shekara guda ba.

Tsadar kuma ba daga kantin unguwa take tasowa ba. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. A 2005 harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da aka ɗora wa kayan masarufi ya fito da jama'a kan titi ƙarƙashin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa wanda Nouhou Arzika ya jagoranta, har gwamnati ta janye shi daga kan madara da garin alkama a watan Afrilu. A daminar wannan shekara kuma yunwa ta yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A ƙarshen Mayu 2023 ta cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na kabu-kabu suka ƙaru a wannan gefe na iyaka, sannan takunkumin CEDEAO ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a ɗage shi ba sai a Fabrairu 2024. Duk waɗannan guguwa sun kaɗa mai kanti kamar yadda suka kaɗa mai saye.

To, ina arahar Ɗan Gulbi take? Tana cikin ma'auni da cikin lokaci. Buhun hatsi mai kilo 100 yana ɗaukar tiya wajen 40. Gidan da yake cin tiya ɗaya a yini yana buƙatar buhu 9 a shekara. A ƙaddara, don misali kawai, buhu yana kan jika 20 da kaka, wato tiya tana kan dala 100. Idan tiyar ta kai dala 150 a tsakiyar damina, buhun ya zama jika 30 ke nan. Magidancin da ya ajiye buhu 3 tun kaka domin watanni huɗun wahala ya tsira da jika 30, bai hau mota ba, bai taka Maraɗi ba. Haka lissafin yake ga sukari da mai da sabulu da gishiri. Mai sayen ƙullin sukari kowace safiya yana biyan kuɗin leda da na ƙullawa da ribar hannu biyu ko uku da kayan ya ratsa, shi ya sa wanda ya fi kowa talauci shi ne ya fi kowa sayen kaya da tsada. Ana kaka, manomi yana sayar da hatsinsa da araha don biyan bashi da hidimar biki, ana damina ya dawo ya sayi irinsa da tsada.

Amma masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Tafiya Maraɗi tana da nata kuɗi, kuma yawancin masu ɗokin sari ba sa sa shi cikin lissafi. A sake ƙaddarawa: buhun shinkafa mai kilo 25 ya fi sauƙi da jika 1 a wurin ɗan sari, kuɗin mota zuwa da dawowa da na dako da na abincin hanya sun tashi jika 6. Sai mutum ya sayi buhu 6 kafin ya mayar da kuɗin hanyarsa, riba ba ta farawa sai daga na bakwai, kuma ma'aikaci nawa ne albashinsa zai ɗauki wannan a wata guda? Ga yinin aiki da ya salwanta. Ga idon da birni yake buɗewa, a tafi sayen shinkafa a dawo da abin da ba a yi niyya ba. Ga ɓera da gara da ƙwaro da suke jiran buhu a ɗaki. Ga kuma abin da kowane magidanci ya sani ko da ba ya faɗa: buhun da aka gani yana shiga gida ba na mai gidan kaɗai ba ne, ƴan'uwa da maƙwabta suna da rabo a ciki, hannun mai ɗiba kuma ya fi sakewa idan buhu yana cike. Wani lokaci garin neman ƙiba sai a samo rama.

Abu mafi nauyi shi ne bashi. Tsofaffin ma'aikata ba su manta da shekarun 1990 ba, lokacin da albashi yake makara wata da watanni, ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana ta kiran yajin aiki. A wancan zamani littafin mai kanti ne ya riƙe gidaje da yawa. Mushe zai aiko yaro da takarda, a auna masa shinkafa da mai, a rubuta, a jira ranar da gwamnati za ta tuna da shi. Ɗan sarin Maraɗi bai san shi ba, kantin Aldi kuwa ko ƙwayar ashana ba ya bayarwa sai an biya. Ƴar tsadar da ke kan kayan mai kantin gari, wani sashenta kuɗin wannan jira ne, da hasarar waɗanda aka canja wa wurin aiki suka tafi ba su biya ba. Ma'aikacin da yake kai tsabar kuɗinsa birni a farkon wata, sannan ya dawo wurin mai kanti neman bashi a tsakiyar wata, yana sare reshen da yake zaune a kai. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ranar da aka rufe wa mutum littafi ita ce ranar da zai san darajarsa.

Mafita tana cikin haɗa hannu, kuma jihar Maraɗi ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A nan ne ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata suke zuba ɗan abin da ya samu kowane mako suna ranta wa junansu, tsarin da daga baya ya bazu a ƙasashe da yawa na duniya. Akwai bankunan cimaka na ƙauyuka, masu saye da kaka su sayar da damina. Akwai tsarin jinginar da amfanin gona, wanda hukumar FAO ta taimaka wajen yaɗawa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990: manomi ya ajiye buhunsa a ɗakin ajiya mai makulli biyu, ya karɓi rance, ya fanshi kayansa bayan farashi ya tashi. Akwai buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masu bincike na INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, yana tsare wake daga ƙwaro ba tare da magani ba. Duk waɗannan ginshiƙan nan uku ne na kantin rahusa, an ɗinka su daidai jikin ƙauye.

Saboda haka malamai goma na lakwal ɗaya ko biyu, da ma'aikatan likita da na ofishin magajin gari, suna iya zama Aldin kansu. Su rubuta kaya kala biyar ko shida waɗanda ba sa lalacewa da wuri, su zuba kuɗi ranar albashi, su aiki mutum ɗaya ko su yi magana da direba ɗaya, kuɗin hanya ya rabu goma. Hatsi da wake kuwa a saye su nan gida da kaka, daga hannun manomi, a farashin kasuwa ba tare da an danne shi ba. Sai dai a sayi abin da gida zai ci kawai, domin akwai shekarar da farashi ba ya tashi, musamman idan damina ta yi albarka ko hukuma ta hana fitar da hatsi waje, kamar yadda aka yi a Oktoba 2024. Wanda ya ɓoye don riba yana iya kwana ciki. Cefanen yau da kullum, su tumatir da albasa da nama da daddawa, a bar shi a kasuwar gari, a kuma biya tsohon bashi kafin a buɗe sabo.

Ga ƴan kasuwa ma akwai abin dubawa. Mai kantin da ya ga ma'aikata sun fara haɗa kuɗi, bai kamata ya ɗauke su abokan gaba ba. Shi ya san hanya, ya san ƴan sari, ya san direbobi, babu wanda ya fi shi dacewa ya karɓi wannan saƙo ya kawo kaya a kan lada sananniya. Riba kaɗan a kan kuɗi hannu ta fi riba mai yawa da ke kwance cikin littafi. Masu kanti uku ko huɗu da suka haɗa sarinsu cikin mota ɗaya za su samu ragin da ɗayansu ba zai samu ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya dace kuma a bambanta farashin mai biya nan take da na mai jinkiri, a faɗa a fili tun kafin a ƙulla ciniki, a cika tiya, a daidaita sikeli. Ɗan kasuwar da ya yi haka ya rufe wa ma'aikaci hanyar Maraɗi da kansa.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba ma'aikata ikon biyan abin da ke kansu, ya kawo damina mai yalwa.