Hira a Zaure: Abin da Ke Rataye a Ɗaka

  

A watan jiya mun kwana biyu a Jajaye, can wajen Ƙaraye da Rogo, a gidan wani dattijon ikkilisiya. Mun tarar shi da ɗansa ba sa ga maciji da juna. Yaron yana cikin ƙungiyar mawaƙa, ya kuwa matsa lallai sai an sayar da masara an saya masa babbar jita. Uban ya ce masarar nan ita ce abincin gida har wata kaka. Yaron ya ce in haka ne zai bar waƙa, ya tafi Kano neman kuɗi. Uwar tana tsakani, ta rasa wanda za ta ba haƙuri.

Ashe akwai wani ɗan abin kiɗa a rataye a ɗakin yaron, wanda kawunsa ya kawo masa daga Jos, har ƙura ta rufe shi. Sunansa yukulele. Kamar jita yake, sai dai ƙarami ne, tsirkiyarsa huɗu, jita kuwa shida gare ta. Asalinsa tsibiran Hawai ne, inda waɗansu mutanen Fotugal suka sauka a 1879 da 'yan ƙananan molayensu. Yaron ya ce ai wannan abin wasan yara ne.

Bayan tuwon dare muka ce a ɗauko mana shi. Muka gyara tsirkiyoyin, muka ɗan kaɗa. Sai dattijo ya yi dariya, ya ce, "Malam, wannan ai kukan wayar Nokia ne!" Gaskiyarsa. Bayan wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ba kasuwar da ba a ji kukan nan ba. Amma kiɗan ya girme wayar nesa ba kusa ba. Wani gwanin jita na ƙasar Sifen, Francisco Tarrega, shi ya tsara shi a 1902, ya sa masa suna Gran Vals. Kamfanin Nokia ya gutsuri ɗan kaɗan ne daga ciki.

Yaron ya matso, ya ce mu nuna masa. Ga abin da muka gaya masa, ko zai amfani waɗansunku.

Na fari, ya saba share tsirkiyoyi duka gaba ɗaya. Wannan irin kiɗa kuwa kowane yatsa da tasa tsirkiya. Babban yatsa yana kula da ta sama, sauran uku suna taɓa na ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Bugun kiɗan uku-uku ne. Ku tuna da mata uku suna lugude a turmi guda. In ɗaya ta riga lokacinta, taɓare za su haɗu.

Na biyu, jita tana da tsirkiyoyi masu kauri waɗanda ke ba da murya mai zurfi, yukulele ba shi da su. Saboda haka ba duk abin da Tarrega ya rubuta ne zai shiga ba. Tilas mai kiɗa ya zaɓa. Ya riƙe ainihin karin, wanda kunne ke bi. Muryar nan mai zurfi kuwa, wata ya ɗaga ta sama, wata ya bar ta. Wanda ya ce sai ya kwashe duka, zai zubar da duka.

Na uku, a ɗauki gaɓa ɗaya tak, a maimaita ta a hankali kwatan awa kowane dare, har yatsu su san hanya da kansu. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna cikin haka sai dattijo ya ce, mahaifinsa da garaya mai tsirkiya biyu yake yi wa maharba kiɗa. Mu kuma muka tuna musu da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce, amma duk ƙasar nan ta saurare shi.

Ya ku samari, ku karanta Matiyu sura 25, labarin bayi uku da maigidansu ya ba amanar dukiya. Bawan nan na uku, laifinsa shi ne ya binne ɗan abin da aka ba shi. Ku duba ɗakunanku, me kuka rataye kuna jiran babba? Kada ku sa gida ya kwana da yunwa domin abin da ba ku riga kun iya ba.

Ku kuma iyaye, akwai naku. Wannan dattijo ya yarda cewa bai taɓa zama ya saurari ɗansa ba ko sau ɗaya. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa sura 6 kada su tsokani 'ya'yansu. Hana yaro jita saboda babu hali ba laifi ba ne. Raina baiwarsa shi ne laifi, gama Allah ne ya ba shi. Dawuda ma yaro ne makiyayi sa'ad da kiɗansa ya kwantar wa Sarki Saul rai.

Ba mu ce rigima ta ƙare ba. Yaron har yanzu yana son jitarsa, masara kuwa tana nan cikin rumbu. Amma ya yi alkawari ba zai tafi ko'ina ba sai bayan Kirsimati, zai kuma koyi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi da yatsu, ya kaɗa a sujada. Da asuba da za mu tashi, mun ji shi a bayan danga yana ta fama da gaɓar nan ta fari, uban kuwa yana zaune a kan turmi yana ƙirga masa uku-uku.

Ku sa gidan nan cikin addu'arku. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.